Takardar Haihuwar Yayata

6 ga Janairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wasiƙar nan za ta same ka lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Yaya gwiwar? Na ji an ce bara ta matsa maka. Allah Ya ƙara sauƙi.

Na san sai ka juya ambulan ɗin kana tambayar wace ce. Auta ce, 'yar ƙanwarka marigayiya; kakata da mahaifiyarka ciki ɗaya suke. Rabona da kai tun rasuwar Mama, shekara tara ke nan, kuma ga shi ban tashi gaishe ka ba sai da buƙata ta kawo ni. Na ji kunya, Kawu. Na so in kira, aka ce kunnenka ya yi nauyi ba ka jin waya, shi ne na ɗauki biro.

Mu nan lafiya lau, ni da maigidana da 'yarmu. Shekarata huɗu a ƙasar nan ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Wanka, canza zanen gado, ba da abinci a baki. Ban raina aikin ba, amma ka san ungozoma na karanta, kuma hannuna na kewar aikinsa. Yanzu an buɗe ƙofa: za a bar ni in zauna jarrabawar samun lasisi, idan na miƙa takarduna tantantattu kafin ƙarshen Afrilu.

Na haɗo maka na asali guda biyu, takardar haihuwa da shaidar kammala karatu. Kowacce sai ofishin da ya ba da ita ya buga hatimi cewa daga wurinsa ta fito. Daga nan ma'aikatar harkokin waje ta tabbatar da wancan hatimin, sannan ofishin jakadancin ƙasar nan ya tabbatar da na ma'aikatar. Kai kaɗai nake da shi a babban birni. Don Allah, Kawu, kada su jiƙe, kada a naɗe su.

'Yarka,
Auta

29 ga Janairu

'Yata Auta,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, takardu sun iso lafiya. Mu ma muna lafiya. Gwiwa tana nan, ni da ita mun zama kamar tsofaffin maƙwabta, kullum faɗa amma ba mai tashi. Innarki ta ce in gaya miki ba ta yafe ba sai kin aiko hoton jikarta.

Kika ce zan tambayi wace ce. Ni da na koya miki riƙon fensir? Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, rubutun ɗalibina ko a duhu na san shi. Har yanzu wutsiyar “y” ɗinki tana shiga layin ƙasa.

Ga inda aka kwana. Na sa takardun cikin leda, ledar cikin fayil, fayil ɗin cikin jaka, har Innarki ta ce ko ita ban taɓa tattalinta haka ba. Makarantarku ba ta ba ni wahala ba. Magatakardar ta ɗauko wani ƙaton littafi, ta bi da yatsa har ta same ki, ta ce, “Ai wannan ita ta zo ta biyu a ajinsu.” Na ce mata jinina ce, dole. Ta buga hatimi. Ma'aikatar harkokin waje kuwa kwana uku na yi ina sintiri. Benci ne dogo a gaban taga mai ƙarfe, mutum ya zauna yana matsawa da kaɗan kaɗan. Na kusa da ni wani makaniki ne da zai tafi aiki waje, sau biyu ana dawo da shi saboda wanda ya sa masa hannu ba ya cikin jerin waɗanda ma'aikatar ta san sa hannunsu. Zaman nan ya sa na yi wani tunani. Babu wanda ya tambaye shi ko ya iya gyaran mota. Kowane ofishi abin da yake shaida shi ne ya san hannun wanda ya gabace shi, shi ke nan. In na farkon ya yi kuskure, haka za a bi shi da hatimi har ƙarshe.

Shaidar karatu dai ta fito. Saura ta haihuwa. Na kai ta ofishin rajista, akawun ya ce yanzu sun kwashe tsofaffin littattafansu sun zuba a kwamfuta, in dawo bayan mako biyu. Ki kwantar da hankalinki, lokaci na nan.

Kawunki

13 ga Fabrairu

Auta,

Ina gaishe ki da maigidanki da yarinya. Muna lafiya.

Na koma ofishin rajista jiya. Akawun ya daɗe yana kallon kwamfuta, sannan ya kalle ni, ya ce, “Baba, mai takardar nan mece ce a wurinka?” Na ce 'yata ce. Ya ce, “Tana ina?” Na ce tana ƙasar waje tana aiki. Sai ya juyo mini da fuskar na'urar, ya ce, “A littafinmu ta rasu tana da shekara bakwai, a asibiti. Ga lambar takardar mutuwar. Ba zan iya buga hatimi cewa tana raye ba.”

Ke kin san abin da ya gani, ni ma na sani. Takardar Yayarki ce.

Da na fito, wani mai zama a ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa ya biyo ni. Irin waɗanda ke cika wa mutane fom. Ya ce wannan ƙaramin abu ne, yana da wanda zai buga mini hatimi iri ɗaya sak kafin azahar, ba mai ganewa. Na ce masa na gode.

Ba zan yi ba, Auta. Ba zan ɗora hatimi a kan ƙarya ba. Ƙaryar farko ta isa, kuma mai ita ya daɗe yana yawo da mutuncin da bai cancanta ba. Ki ba ni lokaci.

Kawunki

1 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Muna lafiya, sai dai ni tun da na karanta wasiƙarka abinci ba ya shiga mini.

Ban ɓoye maka don in yaudare ka ba. Wallahi mantawa nake yi. Shekara ashirin da takwas ina amsa sunan nan. Shi ne a katin makaranta, shi ne a fasfo, shi ne a takardar aurena, shi ne manne a ƙirjin rigar aikina. A gida Auta ake ce mini, a waje sunan Yaya. Ban taɓa tunanin akwai wani littafi da ke riƙe da ranar da ta rasu ba.

Amma maganar da ka yi a kan Baba ta yi mini ciwo. Ka ce ya daɗe yana yawo da mutuncin da bai cancanta ba. Kawu, mutumin nan yana kabari. Kafinta ne da bai iya karatu ba, ya so 'yarsa ta iya. Ina tuna safiyar da ya kai ni makaranta. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ƙurar katako a gashin hannunsa, ya gyara mini ɗankwali, ya ce, “Auta, in malam ya kira sunan Yayarki, ki ce na'am.” Na ce, “Baba, ai Yaya ba ta nan.” Ya miƙe ya tafi, bai waiwayo ba. Wannan ne mutumin da kake kira maƙaryaci? Wa ya cuta? Yaya ba ta buƙatar takardar, ni ina buƙata.

Ku masu ilimi abin yana zo muku da sauƙi. Kai ka yi aikinka ka gama da sunanka mai tsabta. Ni kuwa in maganar nan ta fito ta karkace, ba jarrabawa kaɗai zan rasa ba. Za su iya cewa da sunan wata na shigo ƙasarsu. Ina da 'ya 'yar shekara uku.

Ban ce lallai ka je wurin na ƙarƙashin bishiya ba. Ni ma tsoronsa nake ji. Amma in ba za ka iya ba, ka dawo mini da takarduna, in san abin yi.

Auta

3 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Wata guda ke nan da ɗoriya ban ji daga gare ka ba. Kullum na dawo aiki sai na buɗe akwatin wasiƙu, ba komai sai takardun talla.

In maganata ce ta yi zafi, ka yi haƙuri. Maigidana ya karanta abin da na kwafe, ya ce ba haka ake rubuta wa babba ba. Na yarda. Amma ban janye abin da na faɗa a kan Baba ba.

Matar da ke karɓar takardu a hukumar lasisi ta kira ni shekaranjiya, ta ce saura ni da mutum biyu. Na ce suna hanya. Ban san ko gaskiya na faɗa ba. Ko layi ɗaya ne ka rubuto, Kawu. In rashin lafiya ce, a sa wani ya sanar da ni.

'Yarka,
Auta

22 ga Afrilu

'Yata Auta,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, Innarki ma haka. Wasiƙunki biyu na tarar a kan tebur jiya da na dawo. Ba na gari. Na yi mako bakwai a garinku.

Na karanta ta farkon sau uku, sannan na gane ɓarnar da alƙalamina ya yi. Ba mahaifinki nake nufi ba, Auta. Ni nake nufi. Na ɗauka kin sani.

Ni ne shugaban makarantar a shekarar da aka sa ki. An aiko mana doka cewa ba a ɗaukar yaro sai da takardar haihuwa. Ke a gida aka haife ki, ba a yi miki rajista ba. Yayarki a asibiti aka haife ta, tana da tata. Saura kwana biyu a rufe ɗaukar ɗalibai, yin sabuwar takarda kuwa sai an yi wata ana zarya. Na je shagon mahaifinki na same shi yana fere ƙafar kujera. Na ce, “Kawo ta marigayiya mu shigar da ita, daga baya na gyara.” Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce, “Malam, yarinyar nan ko shekara ba ta yi a ƙasa ba.” Na ce masa takarda ce kawai. Haka na ce, takarda ce kawai. Ya ƙi. Sai da na koma sau biyu, na ce masa in ta rasa bana ba lallai ta shiga baɗi ba, sannan ya shiga gida ya ɗauko. Da hannuna na rubuta sunan a rajistar makaranta. Shekara na zagayowa aka yi mini canjin wurin aiki. Na tafi da niyyar rubuto wa wanda ya gaje ni, ban rubuta ba. Da kika shiga sakandare na ce ai yanzu gyara zai ɓata mata. Daga nan na daina tunawa, don hakan ya fi mini daɗi.

Saboda haka ki bar mahaifinki ya huta. Duk abin da kika faɗa a kansa gaskiya ne, har kin rage.

Na nemi shawarar wata lauya, tsohuwar ɗalibata. Ta ce hanya ɗaya ce mai tsabta: a je kotun garin da aka haife ki, a yi rantsuwa, alƙali ya ba da umarni a yi miki rajistar haihuwa da sunanki na asali, ya kuma tabbatar cewa mai wannan suna da mai sunan da ke kan shaidar karatu mutum ɗaya ce. Ana son shaidu biyu da suka san haihuwarki, da wanda ya san yadda aka yi musanyar.

Goggonki, yayar mahaifinki, tana nan da ranta. Idonta ya tafi amma kanta garau. Ita ce ta yanke miki cibiya. Na biyun wani tsohon maƙwabcinku ne, tela, sai da na yi mako biyu ina cigiya na same shi a gidan ɗansa. An ɗage zaman sau biyu. A zama na uku aka kira mu.

Ɗakin ƙarami ne, fanka ɗaya, ita ma tana kuka. Alƙalin bai kai ɗana na fari a shekaru ba. Ya ce, “Malam, ka san abin da kake faɗa laifi ne a kanka?” Na ce na sani. Ya ce, “Wa ya tilasta ka ka zo?” Na ce ba kowa. A bencin baya akwai mutum huɗu da na koyar, sun zo nasu sha'anin. Ɗaya ya sunkuyar da kai. Alƙali ya ce shekarun sun yi nisa, kuma yarinya 'yar shekara shida ba ta da laifi a ciki. Ya yi mini faɗa a gaban jama'a, faɗan da na cancanta, ya sa aka rubuta, ya sa hannu. Goggonki ta ce daga inda take zaune, “Ranka ya daɗe, ƙara masa, ni shekara talatin ina son in yi masa.” Har magatakarda sai da ya yi dariya.

A hanyar komawa ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce duk ranar da kika kawo sakamakon jarrabawa, mahaifiyarki takan ce ki ajiye tana zuwa. Sai kin fita wasa ta kai wa Goggo, ta ce, “Karanta mini makin, amma kada ki karanta sunan.” Ban san ko ya kamata in gaya miki ba. Na ga dai hakkinki ne.

Yanzu maganar da ba za ta yi miki daɗi ba. Ofishin rajista sai sun yi mako uku kafin su fitar da sabuwar takarda. Bayan nan ga ma'aikata, ga ofishin jakadanci, kuma umarnin kotun ma sai an fassara shi an bi da shi ta wannan hanyar. Ba za su iso miki kafin ƙarshen Afrilu ba. Na sa kin rasa wannan zaman jarrabawar. Da na bi na ƙarƙashin bishiya da tuni suna hannunki, na sani. Na kuma yanke hukunci a kan rayuwarki ban tambaye ki ba, karo na biyu ke nan. Wannan karon ina ganin daidai na yi, amma wancan karon ma haka na gani. Ke za ki faɗa.

Lauyar ta ce da umarnin kotu a hannunki, kina iya ci gaba da sunan da kika saba, kina iya komawa naki. Ba ni da ta cewa a nan.

Ki yafe mini.

Kawunki

18 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gaisuwar 'ya ga ubanta, ina gaishe da Inna. In ka samu mai zuwa, a gaishe mini da Goggo da Baba tela. Mu duka lafiya.

Takardu sun iso tun ƙarshen Yuni, ba wadda ta jiƙe. Ban rubuto da wuri ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, fushi nake. Ranar da aka rufe karɓar takardu na shiga ɗakin ajiye zannuwa na yi kuka mai isata. Na yi mako biyu ina rubuta maka wasiƙa a zuciyata, kowacce ta fi ta baya zafi. Ka tambaye ni ko daidai ka yi. Da ka tambaye ni a watan Maris da na ce ka je wurin mutumin nan na ƙarƙashin bishiya. Yau ina gode wa Allah da ba ka tambaye ni ba. Ban san yadda zan haɗa waɗannan biyun ba, na bar su haka.

Maganar Mama ta fi komai tsaya mini. Na girma ina ganin karatuna bai dame ta ba. Har ta rasu ina riƙe da wannan a raina, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na gode da ka gaya mini.

Na yafe maka, Kawu. Ba don kai ba da ban shiga aji ba, kuma ba kowa ne zai tsaya gaban ɗalibansa ya faɗi abin da ka faɗa ba.

Na kai komai wurin lauyan baƙi a nan kafin in je ko'ina. Ya jera takardun a tebur, ya bi hatiman ɗaya bayan ɗaya, ya ce tunda ni na kawo maganar da kaina, kuma ga hukuncin kotu, gyara ne za a yi, ba tuhuma ba. An yi mini tambayoyi na awa biyu a ofishin shige da fice, amma an karɓa. Fasfo na hanya. Hukumar lasisi ta sa ni a zaman watan Nuwamba. Wani abin dariya, na rage shekara biyu a rana ɗaya. Maigidana ya ce shi dai an cuce shi, babbar mace ya aura aka musanya masa da yarinya.

Na zaɓi nawa sunan. Na daɗe ina juya abin. Na ga Yaya shekara bakwai kawai ta samu a duniya, bai kamata ɗan abin da ta mallaka ma ya zauna a hannuna ba.

Ranar Litinin aka ba ni sabon bajon suna a wurin aiki. Da rana ina ɗakin wata tsohuwa ina ninke mata tawul, sai na ji shugabarmu tana kiran wata daga ƙarshen baranda. Ta kira sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A raina na ce wace ce wannan da ba ta ji, a bar mutane su huta. Sai tsohuwar ta miƙo hannu ta taɓa bajon da ke ƙirjina, ta matso da ido ta karanta, ta ce, “Yarinya, ba ke ake kira ba?”

Na ajiye tawul ɗin, na leƙa baranda, na ce na'am.

'Yarka